Motar Kalli Mai Zaɓen Kaya

A garejin da ke bayan tashar Diffa, idan mota ta mutu wa mutum a hanya aka ce a kira Kalli Zarami, sai ka ji wani ya yi tsaki ya ce, "To, in motarsa ta yarda." Ba sharri suke masa ba. Shekara biyar cur Kalli yana riƙe da ƙatuwar motar jan motoci, fara, mai ƙugiya a baya, wadda ta isa ta ja kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, da kayansa, amma in ka kira shi sai ya tsare ka da tambaya kamar likita: motar babba ce ko ƙarama, a kan gudron take, wato kwalta, ko cikin rairayi, kilomita nawa daga gari. In amsar ba ta yi masa ba, ya ba ka haƙuri ya kashe waya. Ƴan gareji suka raɗa wa motar suna Mai Zaɓen Kaya, suna faɗa suna dariya. Waɗanda suka san dalili ba su da yawa, kuma su ba sa dariyar.

Kalli ɗan manoman tattasai ne na bakin Komadugu. Yana da shekara goma sha tara mahaifinsa ya rasu, ya bar masa uwa, Ya Fatime, da ƙane ɗan shekara huɗu mai suna Muhsinu. Gona ba ta karɓe shi ba, ko kuma shi ne bai karɓe ta ba, ya bi mota. Shekara ashirin da ƴan kai yana jan manyan motoci, tattasai da kifi banda zuwa Maiduguri da Damagaram, dukansu masu giyar hannu, irin wadda sai ka taka kuloci ka yi kokawa da ƙarfe kafin ta shiga. Shi ya ciyar da Muhsinu, shi ya sa shi lakwal, makarantar boko, da lakwal ta ƙi shi ya koya masa tuƙi, har yaron ya samu ƴar motarsa mai buɗaɗɗen baya yana jigilar mutane tsakanin Diffa da Bosso.

Da rikici ya rufe hanyoyin fatauci, Kalli ya tattara abin da ya mallaka ya sayi motar jan nan daga Kwatano. Tsohuwa ce tukuf. An ce a wata ƙasa mai ƙanƙara ta yi ƙuruciyarta, kuma abin da agogonta ya nuna na tafiya ya isa mutum ya je Makka ya dawo sau hamsin. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ba ta da kuloci. Akwatin giyarta, wanda ƴan gareji ke kira buwat, shi ke canza kansa da kansa. Makonni Kalli ya yi ƙafarsa ta hagu tana laluben abin takawa ba ta samu ba.

Wata safiya, ƙarshen bazarar 2016, ya ga ɗigon wani jan abu a ƙarƙashin motar. Ya zaro sandar awon man buwat, ya ga man ya ragu, ya murza shi a yatsa. Ja ne kamar zoɓo, tsararo kamar ruwa. Ya kira abokan aiki suka taru suna kallo, kowa na girgiza kai. Ta yaya wannan ruwa-ruwan zai riƙe mota mai wannan girma a zafin Diffa? Ai man ƙasar sanyi ne, in ji wani. Duk wanda ya taɓa jan babbar mota ya san buwat kakkauran mai take so, irin wanda in ka ɗaga yake zuba kamar zuma. Kalli ya sayo man giya mafi kauri a kasuwa ya ɗura mata har ta ƙoshi, yana jin ya yi mata gata. Babu mugu ko ɗaya a cikin mutanen da suka tsaya a wurin. Gwanaye ne duka, gwanayen wata irin mota daban, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Kwana shida motar tana ƴan zirga-zirgarta cikin gari, tana ɗan nauyin canza giya, Kalli na cewa sabon mai ne take sabawa da shi. Ran Juma'a aka kai hari Bosso. Asabar da hantsi, saura kwana biyu a ɗauki azumi, wayarsa ta yi ƙara. Muhsinu ne, muryarsa na yankewa tana dawowa. Ya kwaso mutane goma sha huɗu, ya kauce wa babbar hanya ya bi wata ƴar turba ta kudu, motar ta mutu cikin rairayi kafin Tumur.

"Yaya, mutane sun ce za su taka da ƙafa. In bi su?"

Kalli ya riga ya zura makulli. Ya san wahalar da yaron ya sha kafin ya mallaki motar nan, ya kuma yarda da tasa motar kamar yadda mutum ke yarda da hannunsa. Ya ce, "Su tafi. Kai kada ka bar wurin. Ga ni nan zuwa, awa biyu."

"To, Yaya."

Ya ɗauki gudron ya nufi gabas, ya take mota iya takewa, rana na dukan ƙasa kamar da gayya. Bai kai Kinjandi ba ya fara jin ƙauri. Kafin ya gane daga ina yake fitowa, inji ya ɗauki kuka, allura ta haura, motar kuwa ta soma rage gudu kamar an riƙe ta ta baya, har ta tsaya cak. Injin lafiyarsa lau, yana ruri, amma ƙarfinsa ba ya isa ƙafafu. Hanya cike take da masu gudun hijira, mata da goyo, tsofaffi a kan jakuna. Kalli ya roƙi maza su tura masa, don a saninsa mota in aka tura ta sai giya ta kama. Mutanen da suka kwana suna tafiya, leɓunansu sun tsage don ƙishirwa, suka ajiye kayansu suka tura masa, sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Irin wannan buwat ba ta san turi ba. Ya kira Muhsinu, wayar ba ta shiga.

Wajen la'asar wata tsohuwa ta tsaya ta dube shi, ta ce ba kai ne wan direbanmu ba? Ta ce sun yi juyin duniya da yaron ya biyo su, ya ƙi, ya ce yayansa na hanya. Kalli ya bar motar a buɗe ya kama tafiya da ƙafa, soji suka tare shi a shinge suka maido shi. Ya sake komawa washegari, suka sake maido shi, wannan karon da bakin bindiga. Daga nan aka rufe yankin gaba ɗaya, aka ce duk wanda aka gani a ciki ba za a tambaye shi sunansa ba. Muhsinu bai fito ba, ba a ga gawarsa ba, ba wanda ya ce ya gan shi a raye.

Abin da Kalli ya gaya wa Ya Fatime gaskiya ne, amma guntuwa: ya tafi, mota ta lalace. Maganar da ya yi a waya ya haɗiye ta. Da mutane suka fara zuwa gaisuwa, tsohuwar ta hana a shimfiɗa tabarma. "Gaisuwar wa? Kun ga gawa? A kawo mini wani abu nasa in gani da idona, sannan ku zo." Malamai suka yi mata nasiha, dangi suka yi, ta toshe kunne. Kalli ya durƙusa gabanta ya ce ranar da aka buɗe hanya, shi da kansa zai jawo motar Muhsinu har ƙofar gidan nan. A ransa kuma ya ƙara abin da bai furta ba: da wannan motar zai jawo ta, wadda ya ce wa yaron tana zuwa.

An jawo motar jan motoci zuwa Diffa a bayan wata tirela, abin kunya ga mai sana'ar. Duk bakaniken da ya leƙa cikinta sai ya ɗaga hannu. Daga baya aka ba shi labarin wani ɗan gudun hijira a sansanin Sayam Foraj, Ɗan Azumi, wanda ya yi shekaru yana gyaran irin waɗannan motoci a Maiduguri kafin a ƙone masa gareji. Kalli ya je ya ɗauko shi. Mutum ne siriri, marar yawan magana, mai tabon wuta a wuya. Ya kwance kwanon ƙarƙashin buwat, wani baƙin abu mai wari ya zubo, ya shaƙa, ya juyo ya nuna buwat ɗin.

"Oga, wa ya zuba wa giyabos ɗin nan man tirela?"

"Ni ne."

Ɗan Azumi bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya yi masa bayani a hankali kamar mai karanta wasiƙar mutuwa. A irin wannan buwat, man ba shafawa kawai yake yi ba, shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai ƙafafu, ta wasu ƴan hanyoyi masu ƙanƙanta kamar jijiya. Mai kauri ba ya wucewa. Faya-fayan ciki suka yi ta gogar juna babu mai isasshe har suka ƙone. "Da ka bar ta da ɗan jan man nan nata, ko da ya ragu, da ta kai ka," in ji shi. Bai san nauyin abin da ya faɗa ba. Kalli ya tashi ya zagaya bayan gareji, ya daɗe bai dawo ba.

Wata uku suka yi suna haɗa ta da kayan gwanjo daga Kano, wani ya dace, wani a fafe shi ya dace. Ranar da ta motsa, Ɗan Azumi ya ce kada Kalli ya yi murna da yawa. Buwat ɗin tsohuwa ce da aka yi wa ɗori, kwananta ƙidayayye ne, kowane kaya mai nauyi da ta ja an cire mata wasu kwanaki. Sabuwa kuwa babu ita a ƙasar nan. Nan Kalli ya fara rowar motarsa. Ba ya so ta ƙare a kan kayan wani kafin a buɗe hanyar Bosso.

Ya koyi buwat kamar mai tilawa. Kowace safiya sai ya tayar da inji ya bar shi ya yi ɗumi, ya tsayar da motar a wuri mai daidai, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zaro sandar awo inji na aiki, ya goga a farin ƙyalle ya duba launi, ya kai hanci. Ya ɗaura mata ƙarin ɗan lagireto a gaba don man ya riƙa shan iska. Duk wata shida ya kwance kwanon ƙasa, ya canza matata, ya zuba sabon jan mai lita uku kacal. A cikin kwanon akwai maganaɗisu mai kama garin ƙarfen da buwat ke zubarwa. Kalli yakan share shi da yatsa ya tsaya yana kallon baƙin garin, ya san ran motar ne yake gani yana raguwa.

Ƴan furoje masu taimakon ƴan gudun hijira suka nemi ya riƙa bin motocinsu har Gigimi, aiki mai tsoka, ya ƙi. Matarsa Amatullahi ta yi haƙuri har haƙurin ya gaji. Wata rana ta aje masa tuwo ta ce, "Malam, mutane na ciyar da iyali da mota, mu kuwa mu ke ciyar da mota. Ko jinyar uwarka ba ka yi haka ba." Ya ce ta yi gaskiya. Ya ci tuwonsa, gari ya waye ya koma ƙarƙashin mota.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne motar tana masa magana. Tun bayan gyaran, in za ta tashi daga giya ta biyu zuwa ta uku sai ta ɗan yi jinkiri, ta yi wani siririn kuka kafin ta kama. Ɗan Azumi ya ce famfon mai ne ya tsufa. Kalli ya yarda famfo ne, amma abin da kunnensa ke ji a cikin kukan nan "Yaya" ne, da irin muryar mai tambaya. Da rana tsaka abin ya fi zuwa masa, lokacin da gudron ke rawa don zafi. Wani lokaci in yana jan ƙaramar mota ya dubi madubi, sai ya ga kamar akwai mutum zaune a mazaunin direbanta, ya ɗora haɓa a kan sitiyari yana jira. Yakan yi a'uziyya ya kau da ido. Tsoro yake ji, ba ƙarami ba, amma ranar da bai ji kukan ba sai kewa ta kama shi.

A farkon daminar 2021 aka fara mayar da mutane garuruwansu na gabas da rakiyar soji. Wani direba abokinsa, Abatcha, ya dawo daga Tumur ya same shi a gareji ya ja shi gefe. Makiyaya sun ga wata ƙaramar mota a turbar kudu, rairayi ya cinye rabinta, kuma launin da suka faɗa launin motar Muhsinu ne. Kalli ya yi kwana tara yana zarya a ofisoshi kafin a ba shi takardar bin ayari.

Ana gobe tafiya ƴan gareji suka taru, yanzu kowa ya ji labari, kowa na son ya taimaka. Suka kawo shawara a yi wa buwat wanka gaba ɗaya, a zubar da tsohon mai kaf a cika ta da sabo, ai doguwar tafiya sai da sabon mai. Har wani ya kawo jarka biyu kyauta. Zuciyar Kalli ta so ta karkata, don shawarar ta yi kama da hankali, kamar yadda waccan ta farko ta yi. Ɗan Azumi ya zauna a kan jarkokin ya ce sai dai a ɗaga shi. Faya-fayan sun suɗe, garinsu da ke yawo cikin tsohon man shi ke sa su kama juna, in aka wanke shi motar ko ƙofar gareji ba za ta fita ba. "Da tsohuwar zuma ake magani, Oga. Lita uku, kamar kullum." Lita uku aka zuba.

Suka tashi bayan asuba su biyu, da tsofaffin tayu biyu da shebur. Suka wuce Kinjandi Kalli bai dubi gefen hanya ba. Bayan Tumur wani makiyayi ya shiga gaba ya nuna musu turbar, motar soji ɗaya na biye da su. Da hantsi suka gan ta a gindin wata aduwa, fentinta ya ƙoƙe, gilasanta sun farfashe, tayunta sun tsattsage. Kalli ya zagaya ta sau uku. Babu ƙashi, babu takalmi, babu tsumma. Ya rasa ko sauƙi ya ji ko akasinsa.

Ɗan Azumi ne ya fara sa shebur ta gaba, ya ji ya daki ƙarfe. Suka tona da hannu. Sarƙa ce, an ɗaura ta a ƙugiyar gaban motar, ɗauri biyu da kulli a ƙasa, yadda Kalli ke ɗaurawa, yadda ya koya wa yaron. Suka bi ta suna tonawa. An miƙe ta sambal, tsawonta duka, ta nufi yamma, ta inda mai zuwa daga Diffa zai ɓullo, an kuma lanƙwasa ƙarshenta an ɗora a kan dutse don mai ja ya saƙala ba tare da ya sunkuya ba. A ƙarƙashin tayun akwai ruɓaɓɓun rassan da aka jera. Kalli ya leƙa ciki ya taɓa giya, a sake take. Muhsinu ya gama shirya komai, abin da ya rage kawai a zo.

Kalli ya zauna a rairayi ya yi kukan da bai yi ba shekara biyar, da ƙarfi, kamar yaro. Sojan da ke gadinsu ya juya baya. Da ya natsa suka canza tayun baya, Ɗan Azumi ya kawo tasu sarƙar, Kalli ya ce a mayar, da wannan za a ja.

Fitar da mota daga rairayi shi ne abin da buwat ta fi ƙi. Kalli ya sa ta a giya ta ɗaya ya taka a hankali, ba fizga, ba gaba da baya. Motar ta yi nishi, ta yi rawa, sarƙar ta miƙe tana zubar da tsatsa, sannan motar Muhsinu ta taso daga raminta. Suka ɗaga gabanta suka kama hanya. Sau huɗu ƙauri na tasowa, sau huɗu suna tsayawa a inuwa su bar inji na aiki har man ya huce, Ɗan Azumi na cewa sannu ba ta hana zuwa. Da suka hau gudron buwat ta nemi giya ta uku, ta yi kukanta, ta kasa kamawa, ba ta kuma sake nema ba. Da giya biyu suka ƙarasa, masu amalanke na kusan wuce su. Ɗan Azumi ya saurari ƙarar da ke fitowa daga ƙasa ya ce, "Ta gama, Oga. In ka kashe ta yau, shi ke nan." Kalli ya ce ya ji.

Rana na shirin faɗuwa suka shiga unguwa, mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Ya tsaya daidai ƙofar Ya Fatime ya kashe inji. Aka riƙo tsohuwar ta fito, idonta ya yi rauni sosai, sai da hannu ta bi jikin motar, ƙofa, madubi, har ta kai ga sarƙar ta tsaya.

"Wannan fa? Taka ce?"

Kalli ya durƙusa. "Tasa ce, Ya. Shi ya ɗaura, yana jirana. Mutane sun ce ya bi su da ƙafa, ya tambaye ni, ni na ce kada ya bar wurin. Na ce ina zuwa."

Ta daɗe riƙe da sarƙar. Ya so ta zage shi, ya so ta ɗaga hannu ta mare shi a gaban jama'a. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ai kuwa zai jira. Tun yana ɗan ƙanƙane, in ka ce masa zauna nan, ko ni na kira shi ba ya tashi."

Ta saki sarƙar ta goge tsatsar a zanenta. Ta juya wajen Amatullahi da ke tsaye a bakin zaure tana hawaye, ta ce a fito da tabarmi, a kuma aika a gaya wa liman.